Kawuna Mai Aski da Hanyar Hamada

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai aski ne. Shagonsa na bakin tashar manyan motoci: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsagewa a gefe, da benci inda direbobi ke jiran layi. Tun yana saurayi yake sauraron hirarsu ta hanyar hamada, har ya haddace inda kwalta ke ƙarewa da inda ake samun ruwa, alhali bai taɓa wuce gadar bayan gari ba.

Furfura ta gama cin kansa lokacin da hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko yana ɓoyewa, ya ce sanyin safiya ne. Ranar da aska ta shafci kunnen wani direba, mutumin ya yi dariya ya ce ba komai, amma Kawu ya wanke askar, ya naɗe ta a tsumma, bai ƙara aski ba. Ya bar wa wani abokin sana'arsa shagon, ya koma gida ya zauna. Zaman bai karɓe shi ba. Ya rame, ya zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata rana sai ga shi ya turo wani tsohon babur mai ƙaton tanki cikin gida, wai da shi zai tsallake hamada. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana shanya, ta saki baki.

"Malam, hannun da ya kasa riƙe aska shi zai riƙe kan wannan dodon?"

"Ai a kan babur komai rawa yake yi," in ji Kawu. "Wa zai gane nawa?"

Abokin tafiyarsa wani mai walda ne da ake kira Tartsatsi, sa'ansa, mai babur irin nasa da baki kamar reza. Suka ɗaure jarkokin mai da na ruwa, da famfo, da kayan faci, da sifanu a cikin tsohuwar jakar aski. Inna ba ta raka su ƙofa ba, amma ita ta ɗinka masa aljihu a cikin riga ta zuba maganinsa.

Kawu ya ce wahalar farko ba rana ba ce, taya ce. Kafin kwalta ta ƙare sun yi faci har sun gaji da zagin ƙusa. Da suka shiga yashi kuwa, babur ya riƙa wutsil-wutsil kamar kifi, suna faɗuwa suna tashi. Tartsatsi yana cewa, "Aboki, ka zo yawon buɗe ido ne ko ka zo auna ƙasa da haƙarƙari?"

Wata rana da tsakar rana Tartsatsi ya yi gaba, ƙurarsa ma ta ɓace, sai sarƙar babur ɗin Kawu ta tsinke. Yana da abin gyara: ɗan ƙarfen da ke haɗa bakin sarƙa, da wani siririn maƙali da bai fi farce ba, wanda ake turawa ya riƙe shi. Ya sha ganin yadda ake yi. Ya shimfiɗa rigarsa a ƙasa, ya haɗa sarƙar, ya ɗauki maƙalin da filaya. Hannu ya ƙi. Ya kai, ya zame, ya faɗa kan riga. Ya sake, ya sake. Da ya gwada da hagu sai abin ya yi tsalle cikin yashi, ya yi ta tankaɗe rairayi da yatsu kafin ya gano shi.

"A nan na zauna na yi kuka," ya gaya mini. "Ba tsoron mutuwa ba, ɗana, ina da ruwa. Takaici ne. Abu kamar farce ya fi ƙarfina."

Yana nan zaune sai ga wani tsoho tafe da jaki, da igiya da guga da diga a bayan jakin, da alama mai haƙa rijiya ne. Suka gaisa, ba wanda ya ji yaren wani. Kawu ya nuna masa sarƙar, ya ɗaga hannunsa mai rawa. Tsohon ya durƙusa, ya kai fuskarsa dab da ƙarfen, sannan ya nuna idanunsa ya girgiza kai. Sun yi fari, da ƙyar yake ganin hanya.

Sai Kawu ya kama yatsun mutumin, masu kauri kamar itace, ya ɗora su a kan sarƙar, ya sa ya shafa ramin da maƙalin zai shiga. Ya ba shi filaya. Shi Kawu yana duba, yana cewa "hagu, hagu, tsaya," tsohon ba ya jin kalmar amma yana jin muryar. A karo na uku suka ji ƙas! Tsofaffin biyu suka fashe da dariya har jakin ya tsorata. Suka sha ruwa a kofi ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Can gaba ya ci karo da Tartsatsi ya juyo nemansa, ido ja wur, yana masifa don kada a ga hankalinsa ya tashi.

Ba su kai inda suka nufa ba. A wani ƙaramin gari injin Kawu ya buga gaba ɗaya, bakanike ya ce sai dai a yi masa addu'a. A bayan gingimari suka dawo, su da baburansu da buhunan gishiri. Inna ta dube shi, ya yi baƙi, leɓe duk ya tsage, ta ce, "To, an ga hamadar?"

"An gani."

"Me ke cikinta?"

"Ba komai," ya ce, yana murmushi. "Ki ba ni ruwan wanka."

Ya gyara injin, ya sake komawa sau biyu, a na ƙarshe har suka tsallake hamadar. Bara likita ya hana shi hawa, bai yi musu ba. Yanzu da hantsi yakan tafi rumfar Tartsatsi ya zauna nesa da wuta, su yi ta gardamar wanda ya ɓatar da su a tafiya ta biyu. Matasa masu shirin bin hanyar sukan zo tambaya, ya sa su kwance sarƙa su ɗaura a gabansa kafin ya gaya musu inda rijiyoyin suke.