Hannun da Na Ƙi Karɓa

Har gobe ba na mance wata ranar kasuwar Lolo, ana tsakiyar yankan shinkafa. Ku da kuka kama aiki a masaukin nan bayana kuna yi mini dariya in kun gan ni da safar roba har kafaɗa. To ku saurara.

Da shara na fara. Da maigida ya kawo tankin gilashin nan daga Kwatano, cike da kifayen teku, sai manaja ya ce ni zan kula da shi, wai tunda ni ko ƙofa na kulle sai na dawo na girgiza ta. Mutumin da ya zo daga Kwatano ya haɗa tankin ya koya mini dama gishiri da wanke matatar ruwan. Sannan ya nuna mini ɗan yatsansa da ya lanƙwashe. Ya ce abubuwan da ke manne da duwatsun, masu kama da furanni, rai gare su, kuma yauƙinsu dafi ne. In ya sami ƙaramin yanka, sai asibiti. Dokarsa: sa safa, wanke safar kafin ka cire, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa ido ko mutum.

A lokacin ina neman auren Hadiza. Mahaifinta, Malam Garba, manomi ne a Kende. Duk gaisuwar da na je, ina durƙushe zai amsa yana kallon wani wuri. Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Ranar nan ina juya wani dutse, safa duk yauƙi, sai na ji sallama. Malam Garba ne, ya shigo kasuwa ya biyo ya ga inda nake aiki. Kafin in durƙusa ya yi murmushi ya miƙo mini hannu. Bai taɓa yi ba, kuma na san ma'anarsa.

Sai idona ya sauka a tafinsa. Yankan lauje ne sabo, ga tsagar kaushi ko'ina.

Na mayar da hannuwana baya na ce, "A'a, Baba! Kar ka taɓa ni!"

Hannun ya daɗe a iska. Ya janye shi, ya goge a riga, ya fita.

Manaja ya ce, "Kai Sani, ka kashe aurenka da kanka! Tuɓe robar ka bi shi mana!"

"Ranka ya daɗe, ban wanke ba."

Na wanke safar, na cire, na wanke hannu. Na kai bakin ƙofa sai zuciya ta ce anya na wanke tsakanin yatsu? Na koma. Manaja ya dafe kai yana salati.

Na same shi wajen mai shayi a bakin tasha, yana jiran mota. Na zube ƙasa na faɗa masa komai, har da yatsan mutumin Kwatano. 

Ya ce, "Wai hure ne za ya cije ni? Ni da tarwaɗa ta soka tun ba a haihe ka ba?"

"Baba, wannan ba na kogi ba ne. Kuma shinkafarka ba ta gama shiga gida ba."

Ya dubi tafinsa. Can ya juya wajen mai shayi. "Ka ji wanga yaro? Ya gwammace in yi hushi da shi da hannuna ya kumbura. Ɗiyata ta sami mai damun ta da magani." Ya sake miƙo hannun.

Na kama da hannu biyu. Amma bakina bai bar ni ba: "Baba, yankan nan yana son a wanke shi a ɗaure."

Mai shayi ya yi dariya har madara ta zube. Ni na kai shi kemis kafin ya hau mota.

Abin da na koya ke nan: safar nan ba hannunka kaɗai take tsarewa ba, har da na duk wanda zai gaishe ka. Mutanenmu kuwa, in ka ɓata musu don lafiyarsu kuma ka bi su ka yi bayani, suna ganewa.

Yanzu in Baba ya zo ganin jikokinsa, daga bakin ƙofa yake ɗaga murya: "Sani, ka wanke ko in jira?"