Robar Man da Ke Kan Madubina

Assalamu alaikum. Masu turo mini saƙo wai na yi kuɗi na daina kula mutane, ku yi haƙuri. Jinya na yi. Sai yanzu nake iya ɗauko maganar ba tare da gabana ya faɗi ba.

Kirci ne ya fito mini a wuya da bayan gwiwa. Na sayo wani kirim mai ƙarfi a kemis nan Ƙofar Guga, irin wanda likitoci ke kira sitiroyid. Mai kemis ya ce kada in daɗe ina shafawa. Maƙwabciyata kuwa ta ce, "Ke dai sirka shi da man kaɗanya. In kin sirka ai ƙarhin ya tahi, mai ne kawai."

Na matse shi cikin robar man shafawarmu, na juya da cokali. Ƙaiƙayi ya ɗauke, fata ta yi sumul. Roba na ƙarewa sai in sake haɗi, har shekara ta zagayo.

Kun san gidajenmu. Roba ɗaya ce a kan madubi, wanda ya fito wanka ya lakata. Maigidana ba ruwansa da mai. Saura ni da 'yata Hanifa, mai shekara uku.

Fuskata ta cika ta yi tim. A gidan biki ana ta zolayata wai hutu ya karɓe ni. Hanifa ma ta yi kumatu. Surukata Hajiya takan ja su tana dariya: "Ɗiyar nan tawa ta yi kyau, mi kuke ba ta?"

Nankarwa jajaye suka fito mini a cinya da damtse. Ko ƙofa na ɗan buga sai jini ya kwanta a wurin. Na tsargu, na daina haɗin rana ɗaya, na sayo basilin.

Ba a jima ba fatata ta fara zafi kamar an goga barkono. Sai amai, sai jiri. Ina tsaye a kicin na yanke jiki na faɗi.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa sosai. Aka sa ƙarin ruwa, aka yi allurai. Likita ta dubi hannuna ta tambayi abin da nake shafawa. Na faɗa mata kirim ɗin, na ce ai sirkakke ne.

Ta ce, "Sirkawa ba ta kashe shi. Kin dai samu mai yawa da za ki shafe jiki duka. Babu wanda ya san ƙarfin da ke cikin robar nan, kuma haɗin kan lalace, ƙwayoyin cuta su shiga. Jikinki ya sha maganin har ya daina yin irin nasa sinadarin, ke kuma kika yanke masa lokaci guda."

Sai ta ce, "Wa kuma ke shafawa?"

Maigidana ne ya ce, "Hanifa."

"A kawo ta yanzu."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina kwance da robar ruwa a hannu, ina jiyo kukanta ana neman jijiya. Da sassafe ake ɗibar jinin gwajin, wani gari ake tura shi, kuma ba araha. Duk kwanakin jiran sakamako, ko hamma ta yi sai in ce a kira nas.

Sakamako ya nuna ita ma maganin ya taɓa ta, amma bai kai nawa ba. Aka ɗora mu kan ƙwayoyi, ana rage su kaɗan-kaɗan. Mun sha zirga-zirgar asibiti wata da watanni kafin a sallame mu. Nankarwar dai an ce na gan ta ke nan, ba za ta ɓace ba.

Shekaranjiya Hajiya ta tallafi fuskar Hanifa ta ce, "Wai mi ya ramar mani da ɗiya? Ina kumatun?" Na ce, "Hajiya, fuskarta ce ta dawo." Na shige ɗaki na yi kukana.

Alhamdulillahi. Likitoci, nas-nas, da duk wanda ya yi mana addu'a, Allah Ya saka muku da alheri.

Don Allah, kada ku juye kirim ɗin magani cikin man shafawa. In kun daɗe kuna yi, kada ku daina rana ɗaya, ku fara ganin likita, ku tafi masa da robar.

Ku dubi wadda ke kan madubinku yau, ku tuna wane ƙaramin hannu ne ke shiga cikinta.