Kofur da Yariman Japan

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar garinmu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, dawa ta fi tsayin mutum. Na dawo daga masallaci na tarar da kakana a zaure yana jiran koko. Kofur ake ce masa. Yana saurayi Turawa suka ɗebe shi zuwa yaƙin Bama, ya gwabza da sojan Japan a cikin daji, ya dawo da tabo a cinya da labarai marasa ƙarewa. A lokacin da nake magana ya haura casa'in. Ido ya tafi, ƙafa ta tafi, amma kunne garau.

Ni direban Maigari ne. A-kori-kurarsa nake ja, in kai hatsi birni in dawo da taki. Ɗansa Nura sa'ana ne. Tare aka yi mana kaciya, tare muka zauna gaban Kofur muna jin labarin Japanawa. Shi ya wuce jami'a, ni na wuce tasha. Matarsa Bilkisu tana zaune a gidan Maigari, shi yana zuwa hutu, kuma a makon nan yana gari.

Rana ba ta gama fitowa ba na isa ƙofar gidansu. Na ga an cika mota da mata da yara da akwatuna. Nura ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Wai biki za su a birni, shi zai ja, babu wuri. Maigari yana zaune a gaba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da ka, bai dube ni ba. Ban kawo komai a raina ba. Har daɗi na ji na samu hutu. Na tsaya ina jin yadda Nura ke tura giya da ƙarfi, ina tausayin motar.

Matata Hajara ta ɗauki man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta tafi kasuwa. Inna, mahaifiyata, tana tsakar gida tana surfe. Na jiƙa kan Kofur na fara yi masa aski.

Da hantsi ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Ni ban ji komai ba. Can sai na jiyo gunjin babura daga yamma, da yawa, ba sa rage gudu. Sannan harbi. Ɗaya, ɗaya, sai kuma ya haɗe ba tsayawa. Sautin taɓaryar Inna ya ɗauke.

"Wannan ba bindigar mafarauta ba ce," in ji Kofur. "Ɗauke ni."

Na ce Hajara tana kasuwa. Ya ce can suka fara nufa, wanda ya je yanzu gawa zai ƙara musu. Na kira Inna. Ta ce mu wuce, za ta kwance awaki ta biyo mu. Na goya Kofur. Ba shi da nauyi, sai ƙasusuwa da suke sukar bayana. Na tura dannin bayan gida da ƙafa muka fita.

A lungu mutane suna gudu ta kowane ɓangare. Daga wajen kasuwa ana ihu da murya ɗaya.

"Ku kwanta! Mata gefe guda!"

Na nufi hanyar mota. Kofur ya matse mini wuya.

"Bar hanya. Shiga dawa. Sunkuya."

Na shiga. Ganye yana yanka mini fuska, laka tana riƙe ƙafata, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki ban waiwaye shi ba. Babur biyu suka wuce ta gefen gonar, har na ji ƙaurin hayaƙinsu. Muka kwanta a tsakanin kunya. Kofur ya ɗora tafinsa a bakina kamar ni ne jariri. Da na ɗaga kai na hango hayaƙi ya tashi ta unguwarmu. Ƙaurin hatsi ne. Rumbuna suke ƙonawa.

Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Wannan shirun ya fi harbin tsorata ni.

Muka ci gaba daga gona zuwa gona. Nakan tsaya in sauke shi, in koma bakin dawa in duba ko Inna tana tafe. Ba ta tafe. Da la'asar muka isa rafi, ya cika ya batse. Kofur ya ce kada in haye, in bi gefensa zuwa gabas, masu babur ba sa son laka. Muka haɗu da wasu maza biyu 'yan ƙauyen gaba, ɗaya da fartanya a kafaɗa, daga gona ya gudo. Ba wanda ya tambayi wani labari. A cikin kwazazzabo muka kwana, tufafinmu a jiƙe.

Da gari ya waye jikin Kofur ya yi zafi. Ya daina gane ni. Yana kiran sunayen mutanen da suka mutu tun kafin a haifi ubana. Yana tambaya ko an ba da izinin ja da baya. Ya ce Japan suna ƙetaren ruwa, a kashe wuta. Na ba shi ruwan rafi a tafina, ya zubo ta gefen baki. Na laƙanta masa kalmar shahada, leɓensa ya motsa. Rana tana ɗagawa ya cika. Rabin kansa a aske, rabi da furfura.

Da fartanyar nan muka yi masa kabari a gindin wata ɗorawa. Babu likkafani, da rigarsa muka sa shi. Mu uku muka sallace shi.

Washegari na isa babban gari. An tara mu a makarantar firamare. A nan na ji sauran. An samu gawar Inna a bakin turken awaki, igiya a hannunta. Hajara tana cikin matan da aka ɗora a babura aka shiga da su daji. Wasu sun dawo bayan watanni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wata ta ce ta gan ta a kwanakin farko, daga nan aka raba su.

Maigari ya zo makarantar da shinkafa, a cikin motar nan. Nura ya rungume ni yana kuka. Ni motar nake kallo. Ba ƙwarzane a jikinta. Matan gidansu duka suna nan, yara duka, har akwatuna.

Garinmu bai sake zama gari ba. Na yi shekaru ina jan motocin mutane a birni. Nura ya samu tallafin karatu zuwa Doha. Bai manta da ni ba, wannan dole in faɗa. Shi ya nemo mini kafil a can, wato Balaraben da zai tsaya mini, shi ya tarye ni a filin jirgi. Yanzu ina jan motar wasu Larabawa a Umm Salal, in kai yara makaranta, in kai uwar gida kasuwa, in koma ɗakinmu a Mu'aither inda muke mu shida. Shi yana Madinat Khalifa da Bilkisu da 'ya'yansu. Duk Juma'a sai ya kira ni cin tuwo. Ina zuwa. Ina ci. In na ga takalman yara a jere a bakin ƙofa sai in kau da kai.

Tarihin yaƙin Japan Nura yake karantawa. Yana faɗa wa kowa cewa daga bakin Kofur ya fara son abin. Duk sanda ya faɗa nakan ji kamar an shiga ɗakina an ɗauki wani abu. Kakana ne. Ni na goya shi. Labaransa kuwa Nura suka kai jami'a, suka ba shi gida mai sanyi.

Wata Juma'a bayan mun ci, ya buɗe kwamfuta ya nuna mini mutumin da yake rubutu a kansa. Wani yarima ne, jinin sarkin Japan. Ya ce a lokacin duk ɗan gidan sarauta soja ake kai shi. Wannan ya yi makarantar hafsoshi, ya zauna a Turai, ya dawo yana ta hawa muƙami. Da yaƙi ya yi zafi aka tura shi ya shugabanci rundunar da ta kewaye wani babban birni a Sin. Birnin ya faɗi. Aka yi makonni ana kashe fursunoni da farar hula, ana yi wa mata abin da ba ya faɗuwa. Wasu masana sun ce daga ofishinsa umarni ya fito. Wasu sun ce wani na ƙasa da shi ne ya rubuta da sunansa. Har yau ana gardama. Bayan yaƙi aka rataye wasu janar-janar. Shi ko gaban alƙali bai tsaya ba, domin waɗanda suka ci yaƙin sun yanke kada a taɓa gidan sarauta. An dai karɓe masa sarauta da fada. Ya koma yana buga ƙwallon golf, ya haura casa'in, ya mutu a kan gado.

Na daɗe ina kallon hoton. Na zaci zan ji ƙiyayya. Ƙyashi na ji. Sa'an Kofur ne a tsawon rai. Sojan ƙasarsa ne suka huda wa Kofur cinya. Shi yariman an rufe shi da jama'a, an san inda yake kwance. Nawa yana gindin ɗorawar da ko yau aka kai ni ba lalle in gane ta ba.

Nura ya nuna mini wasu hotunan. A birnin nan na Sin an gina babban zaure, an rubuta sunayen matattu a bango, mutane suna zuwa daga ko'ina suna tsayawa shiru. Allah Ya yafe mini, har matattun nan na yi wa ƙyashi. An kashe su, amma an rubuta su. Ga ɗan garinmu ya tsallako teku yana ƙona idonsa a kansu.

Na ce da shi, ashe a ko'ina jinin sarauta ba ya kwana a kwazazzabo. Bilkisu ta kwashe kwanuka ta shige ciki. Sai na yi tambayar da na riƙe shekara da shekaru.

"Nura, kun sani?"

Ya rufe kwamfutar. Ya ce an aiko wa Baba, wato Maigari, maganar hari tun ranar Litinin, irin wadda aka sha aikowa ba a ga komai ba. Baba ya ji tsoron in ya faɗa gari ya watse a banza, a ce shi ya kori kasuwa. Nura ya ce shi kansa bai sani ba sai da suka wuce gada.

"Na taka birki," in ji shi. "Baba ya ce in tuƙa. Na tuƙa."

Na tambaye shi me ya sa ba a bar ni na ja motar ba. Ya ce Baba ya san ba zan tafi ba sai da iyalina, kuma in na koma ɗauko su, gari ya ji.

Ban yi fushi ba. Na jira fushin bai zo ba. Abin da ya zo shi ne lissafi. Na san motar nan fiye da kowa. In an sauke akwati uku, mace biyu da tsoho ɗaya za su zauna.

Ya ce yana so ya sa sunan Kofur a shafin farko na littafinsa, in na yarda. Na ce zan yi tunani. Har yanzu ban ba shi amsa ba. Wayata ta yi ƙara, uwar gida ce, tana cewa yalla, in yi sauri, yara suna jira. Na tashi.

A bakin ƙofa babbar 'yarsa ta kawo mini takalmana. Ta ce, "Baffa, sai wata Juma'ar." Ta yi wushirya, haƙoranta na gaba sabbi ne. Tare Bilkisu da Hajara suka ɗauki ciki, tare suke zuwa awo, watan haihuwa ɗaya aka ba su.

Idan abokan ɗakina suka tambaye ni mutum nawa na rasa, nakan ce uku. Wani lokaci in ce huɗu.