Agogon da ke cika sha biyu da magariba

Saley magini ne, mutumin Damergu, daga wani ƙauye kusa da Tanut. Ya shigo birnin Sabha, can ƙetaren hamada, a shekarun da ake ta shelar Afirka ɗaya ce, ƙofa a buɗe. Shi dai bai ga wannan ɗayantakar a wurin aiki ba: wanda ke ɗaukar siminti daban, wanda ke riƙe da makullin mota daban. Bai yi gardama da kowa ba. Yana da ɗaki a unguwar Manshiya, yana gini a unguwar Gurda, bangon da ya ɗora kuma ba a rushe shi. Yaran da suka zo tare da shi sun wuce arewa neman teku, shi ya zauna, don ya haura hamsin kuma gwiwa ta fara ƙorafi.

A aljihun gabansa akwai agogon azurfa mai murfi, irin wanda ake wanawa da ɗan makulli. Na kakansa Inoussa ne. Kullum da kiran magariba sai ya fito da shi, ya wana shi, ya mai da hannayen kan sha biyu. Haka ya ga ubansa yana yi, bai taɓa tambayar dalili ba. Leburori na yi masa tsiya.

"Baba Saley, ƙarfe nawa a Damergu?"

"Lokacin da za ka ɗauko min bulo ya yi," in ji shi.

Agogon nan shi ya jawo wa gidansu suna. A ƙauye ana ce musu gidan ɓarawon kwamanda. Labarin mutane shi ne Inoussa ya yi wa wani kwamandan Faransa aiki a Damagaram, ya sace masa agogo, ya gudu. Labarin gida kuwa daban: an kama Inoussa yana saurayi, aka ƙetara da shi hamada, aka sayar a Fezzan, yankin da Sabha take, bayan shekaru ya dawo da ƙafarsa da agogo a ƙugu. Uban Saley ya mutu yana rantsuwa ana dariya. Yanzu kuma sunan ya bi 'ya'yan yayarsa Ɗijatu har makaranta. Da ya tashi tafiya abu ɗaya ta ce masa: "Tunda can za ka, ka tambayo."

Ya daɗe bai tambaya ba. Tsoron amsar yake ji.

Wata Juma'a bayan masallaci ya tsaya a teburin Attahirou, Bamaraɗe mai gyaran agogo a bakin titin Manshiya. Attahirou ya maƙala tabarau a ido ɗaya, ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin baya.

"Kai, Malam Saley, wannan ya girmi ubanka."

"Na sani. Wa ya ƙera shi?"

Attahirou ya nuna masa wani ɗan tambari a cikin murfin, wata dabba a tsaye kan ƙafa biyu, ba ta kai ƙwayar gero ba. "Wannan shaidar azurfar Suwis ce. Aikin Nasara ne, babu tantama."

Saley ya matso ya leƙa tambarin. Kwamanda ma ai Nasara ne.

"Tsaya, ban gama ba. Dubi lambobin fuskar. Ba na boko ba ne, ba kuma daidai da na allo ba. Na Turkawa ne. Suwis ke ƙerawa, a kai wa 'yan kasuwar Istambul, su sa sunan kantinsu. Ga sunan nan, hannu ya cinye shi. Maƙerin kansa bai bar nasa ba, sai lamba."

"To kwamandan Faransa zai riƙe irinsa?"

"Soja? Soja yana riƙe duk abin da ya tsinta. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba." Ya duba na hannunsa, ya kama hannayen zai juya. "Kuma lokacinsa a karkace yake, bari in..."

"Bar shi yadda ka gan shi."

Ya karɓi abinsa ya tafi da rabin amsa.

A lokacin suna ɗora bene a gidan wani dattijo, Hajj Mabruk, wanda asalinsu Murzuk ne, tsohon birnin Fezzan. Yana jin 'yar Hausa, ta wajen tsohuwar da ta rene shi. Ba ya yarda da magina, don haka yini yake kan kujera yana kallon kwaɓin siminti. Ran nan aiki ya kai su har faɗuwar rana. Ladan ya ɗaga murya, Saley ya goge hannu a wando, ya fito da agogo ya yi abin da ya saba.

"Usta, kawo nan," in ji dattijon. Haka suke kiran babban magini.

Ya juya agogon, ya dubi hannayen a kan sha biyu, ya dubi yamma.

"Wa koya maka wannan?"

"Ubana. Shi kuma ubansa."

"Wannan lissafi namu, na da. Rana faɗi, sha biyu, sabon yini fara. Ubana haka yi kullum har mutuwa. Nasara zo, suka ce a'a, sha biyu tsakar rana. Yanzu yara ba sani." Ya miƙa masa. "Kakanka zauna nan. Wannan ba koya a hanya. Sai mutum zauna gida, kullum an sa shi yi."

Saley ya tsaya da agogo a tafin hannu. Ɓarawo yana iya sace agogo a Damagaram. Amma kwamanda ba ya jiran ladan kafin ya saita lokaci, kuma babu wanda zai koya wa bara wannan a barikin Faransa.

"Gidan wa ya zauna?" Hajj Mabruk ya tambaya.

"Gidan wanda ya saye shi. Bai faɗi suna ba."

Dattijon ya kau da kai wajen tulin yashi. Can ya ce, "An ba shi ko ɗauka, Allah sani." Ya tashi ya shiga alwala. Washegari bai fito kan kujerarsa ba.

Saley ya je shagon tarho ya kira Tanut, aka aika a kirawo Ɗijatu. Ya faɗa mata duka: Suwis, Istambul, Murzuk, magariba.

"Ni duk ban gane wannan ba," ta ce. "Ya sata ko bai sata ba?"

"Na kwamanda dai bai taɓa ba. Baba bai yi ƙarya ba, an kai Kaka Inoussa Fezzan."

"A can ɗin fa?"

"Yaya, mutum ya yi shekaru yana bauta ba a biya shi ba. In ma ɗauka ya yi, sun ci riba."

Layin yana ta ƙara. Sannan ta ce, "Wannan ba a tarho za ka faɗa ba. Ka zo da Salla ka faɗa a ƙofar masallaci, suna zaune."

"In na gama benen nan," in ji Saley.