Fintan Mulqueen, Mai Kwantar da Dawaki

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi Fintan Mulqueen a garin Kildare a shekarar 1947, ɗa ne ga Malachy, maƙerin takalmin dawaki, da maiɗakinsa Nuala. Malamansa sun shaida cewa akasarin karatunsa na firamare a cikin barci ya yi shi, abin da daga bisani ya kira share fagen sana'a.

Aiki

A 1972, bayan ya kammala karatun likitan dabbobi a Dublin, ya kama aikin yi wa dawaki allurar barci kafin tiyata, kuma ya shafe shekara talatin da takwas a kai. Aƙidarsa ita ce kwanciya ba ta kisa, tashi ne ke kisa, domin dokin da ya zabura kafin magani ya sake shi karyewa yake yi, karyayyen doki kuwa sai harbi. Saboda haka yakan rufe wa doki ido da tawul, ya danne masa wuya da gwiwa har minti arba'in. Wannan hidima ta ci masa haƙora huɗu.

Aure

A 1975 ko 1976 ya auri Dympna, wadda ya fara gani ranar da ta kawo masa goɗiyar mahaifinta magani, kuma sai da ya gama duba bakin goɗiyar kaf sannan ya dubi fuskar Dympna.

Jinya

A 2015 likitoci suka ce sai an yi masa aikin ƙugu, ya ƙi ƙememe.

"In na zabura, wa zai danne ni?" in ji shi.

Dympna ta ce, "Haba tsoho, shekara arba'in ina danne ka, yau ne zan kasa?"

Aka yi aikin. Da ya farka sai ya zabura neman wandonsa, ta lulluɓe shi da tawul ɗin goge kwanuka, ta ɗora masa gwiwa a wuya. Ma'aikatan jinya suka kira masu gadi. Bai karye ba.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi, cikin Maris 2021, bayan ya sha shayinsa. Dympna ta rufe masa ido da tawul ɗin nan, ta zauna a gefen wuyansa tana duban agogo har minti arba'in, sannan ta ƙara masa goma.

An binne shi a maƙabartar coci kusa da mahaifinsa. Ya bar 'ya'ya uku, Colm da Orla da Declan, da jikoki bakwai, da Dympna, wadda har yau ba ta wanke tawul ɗin ba.