Yadda Aka Ba Bature Ɗan Gwaggona

Damina ɗaya aka haife mu ni da ɗan gwaggona. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, a wani gidan Maguzawa da ke bayan Dayi. Ubana ya musulunta tun yana saurayi, ya koma Malumfashi ya kama harkar auduga. Ita Gwaggo can ta zauna, ta auri wani manomi mai rumbuna da yawa, wanda nake kira Baba. Tun da ni ɗan namiji ne shi kuma ɗan mace, a wasan taubasai ni ne ubangida shi ne bawa. Da haka muke kiran juna har yau da muka yi furfura.

Ni a aji bakwai karatuna ya tsaya. Ubana ya ce tun da na iya karanta sikeli na iya rubuta lamba, sauran duk ɓata lokaci ne, ya kai ni kasuwar auduga ina awo. Bawana kuwa makarantar mishan aka sa shi, daga can aka yi ta miƙa shi gaba har ya kai jami'a, sashen Turanci. Ban ce na fi shi ƙwaƙwalwa ba. Na dai san lokacin da muke yara, in na je hutu gidansu, ni nake riƙe masa yatsa a kan layi yana haɗa baƙi. Duk sanda wannan ya faɗo mini sai in yi istigfari, don na san ba alheri ke kawo mini shi ba.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ya gama digirinsa na farko, ya dawo gida da kaka yana jiran wata magana. Na je ganin audugar su Gwaggo, na tarar da shi a inuwar rumbu yana yi wa Baba bayani. Yana so ya ci gaba, ya yi digiri na biyu, amma mutum ɗaya kawai sashen zai ɗauka bana, kuma wani kwamiti na malamai ne zai zauna ya zaɓa. Malaman sun rabu gida biyu. Akwai wani dattijon Bature, shugaban sashen, wanda a wurinsa ba abin da ya isa a yi nazari a kai sai waƙoƙin tsofaffin mawaƙan Ingila. Akwai kuma wani matashin Bature mai gemu da yake so ɗalibai su yi aiki a kan littattafan da 'yan Afirka ke rubutawa da Turanci. Su biyun ba sa shan shayi a tebur ɗaya. Kowa yana da ɗalibinsa, kowa yana da masu goya masa baya a kwamitin. Bawana ɗalibin mai gemu ne, har gidansa yake zuwa su ci abinci su yi ta musu a kan littattafai.

Ina zaune a gefe ina tsinkar kara, ina jin yadda yake faɗin “kwamiti” da “sashe” kamar a cikinsu aka yanke masa cibiya. Ni rigimar da na sani ita ce ta manomin da ya ce na danne masa sikeli.

Baba ya saurare shi har ya gama. Sannan ya tambaye shi ko mutanen nan biyu gidansu ɗaya. Bawana ya ce wurin aikinsu ɗaya. Ya tambayi wa ya girmi wani, ya ce dattijon. Ya tambayi ko ya taɓa zuwa gaishe da babban. Bawana ya yi dariya, ya ce can ba a yin haka, takardu ake dubawa. Baba ya gyaɗa kai, ya tashi ya tafi ba shanu kara.

Ran kasuwa sai ga Baba a wurin awona. Ya ja ni bayan tarin buhuna, ya ce zan raka shi jami'a in yi masa tafinta, kuma kada yaron ya ji. A wurin Maguzawa, in manya biyu suna gaba kuma maganar ɗanka ta faɗa tsakaninsu, ba wurin mai sonka kake zuwa ba, don shi yana hannu. Wurin ɗayan kake zuwa, ka durƙusa, ka ba shi yaron gaba ɗaya. Wanda aka ba ɗa ba ya iya cutar da shi, ko da yana so. Da haka Baba ya raba rigimar gona da ta aure ba sau ɗaya ba. Kuma ba a shawartar yaro kafin a ba da shi.

Na ce, “Baba, Turawa ba su san wannan al'adar ba.”

Ya ce, “Suna haihuwa?”

Na ce suna yi.

“To sun sani.”

Daga abin da na ji a bakin bawana, na san tafiyar nan tana iya lalata masa komai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da na duba zuciyata, sai na tarar wani ɓangare nata ya kwanta luf da wannan tunanin. In na je abin ya ɓaci, shin biyayya na yi wa babba ko son raina na bi? In na tona wa bawana, na ci amanar Baba. In na ƙi zuwa, Baba zai ɗauki wani wanda ma bai kai ni Turanci ba. Na yi ta juya abin har na gaji. A ƙarshe na ɗaukar wa kaina alkawari ɗaya: duk abin da Baba ya faɗa zan mayar da shi daidai, ba ƙari ba ragi, don kada baƙin cikina ya sami hanyar bi ta harshena.

Baba ya so mu tafi da tulun giya. Na ce ni dai ba zan ɗauka ba, ba kuma zan zauna kusa da shi ba. Ya kira ni ɗan malamai, ya musanya da ƙwaryar zuma da zabi biyu a kwando. Muka hau babbar mota zuwa Funtua, daga can muka shiga jirgin ƙasa. Duk tsawon hanya ina leƙa kwandon, ina tsoron kada zabo ɗaya ya mutu mu isa da mushe ƙofar Bature. Ina kuma bitar kalmomin Turanci a raina, suna zillewa.

Ban taɓa ganin wuri irin jami'ar nan ba. Samari sa'o'ina, wasu ma ƙannena, suna yawo cikin fararen taguwoyi da littattafai a hammata, ba mai gaggawa, ba mai gumi. Na dubi hannuna, duk zaren auduga ya cika mini ƙumba. Na ɓoye su a aljihu. A ƙofar sashen Turanci muka sami masinja yana goge kekensa. Ya dubi kwandon, ya dubi Baba, ya tambayi daga ina kuma wurin wa. Baba ya gaya masa komai, har da sunan yaron. Na so in taka masa ƙafa, na ga ba tarbiyya ba ce. Masinjan ya raka mu har gidan dattijon yana murmushi.

Mun same shi yana ba furanni ruwa. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, gashin kansa fari fat. Ya shigar da mu wani ɗaki da littattafai suka rufe bangonsa har sama. Ya nuna kujeru. Baba ya tsuguna a ƙasa, ni ma na tsuguna, shi kuma ya rasa yadda zai yi, ya zauna a bakin kujera.

Baba ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da gajiya da mutanen Ingila. Sannan ya faɗi ko shi wane ne, ya ce, “Yaron nan ni na haife shi, amma ban san hanyar da ya bi ba. Kai ka san ta. Na kawo maka shi. Daga yau ɗanka ne. In ya yi laifi ka hore shi, ba sai ka aiko mini ba.”

Na mayar da Turanci, ina tsayawa ina neman kalma. Dattijon ya yi ja har kunne. Ya ce maganar ba a hannunsa kaɗai take ba, ta kwamiti ce, kuma ba ya karɓar kyauta a kan irin wannan. Na gaya wa Baba daidai yadda ya faɗa.

Baba ya ce, “Gaya masa ban roƙe shi komai ba. Ko ya ɗauke shi ko ya jefar, nasa ne.”

Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya tambayi ko yaron ya san mun zo, na ce bai sani ba. Ya tambayi wa zai yi wa Baba noma in yaron ya yi nisa. Baba ya ce ai tun yana ƙarami littafi ya ƙwace masa shi, ya riga ya haƙura.

Sai ya juyo ya dube ni, ni kaina, ya tambayi inda na koyi Turanci. Na ce aji bakwai na gama. Ya ce na yi ƙoƙari. Na gyara tsuguno, ina jiran ya tambayi abin da ya hana ni ci gaba, har na shirya amsa. Bai tambaya ba. Ya koma kan Baba, yana so ya ji ko yaron yana son waƙa tun yana ƙarami. Ni na mayar da tambayar, ni na mayar da amsar.

Da za mu fita ya sake cewa mu tafi da kayanmu. Baba ya ajiye kwandon da zumar a ƙofar kicin, gaban kuku, ya wuce abinsa. A jirgi yana ta barci hankali kwance. Ni ko ina kallon gonaki ta taga, ina tunanin ubana mai kuɗi ne kuma ya san manya tun daga Malumfashi har Funtua, amma bai taɓa tsugunawa gaban kowa saboda ni ba. Wannan mutumin da ko baƙi bai sani ba ya bar girbinsa a gona ya zo.

Sauran labarin daga baya na ji shi. Kafin mu kai tasha masinja ya baza wa sashen duka cewa dangin wane sun kai zabi gidan shugaba. Mai gemu ya ɗauka bawana ne ya aiko mu, wato ya ga inda ƙarfi yake ya sauya gida. Da bawana ya koma jin labari, mutumin da suke cin abinci tare ya wuce shi a baranda ko kallo bai yi masa ba. Ranar da kwamiti ya zauna, mai gemu ya janye hannunsa daga kansa, ya kawo sunan wani ɗalibi. Da na ji wannan ɓangaren, Allah ya sani, sai da na ji wani sanyi a raina. Amma ba nan maganar ta tsaya ba. Dattijon ya ajiye nasa ɗalibin, ya ce bawana yake so, mutanensa kuma suka bi shi. Sharaɗinsa shi ne a bar maganar littattafan Afirka, yaron ya yi aiki a kan wani mawaƙin Ingila da ya mutu tun zamanin kakannin kakanni, kuma rabin karatun a can Ingila za a yi shi.

Ina tsakiyar awo bawana ya zo, manoma sun yi layi da jakunansu. Ko sallama bai yi ba.

“Ubangidana, kai ka yi tafinta?”

Na ce ni ne.

“Kai da ka ji komai a bakina. Ba ka iya rage wani abu ba? Ka ce gaisuwa kawai kuka zo?”

Na ce, “Ban rage ko kalma ɗaya ba, bawana. Ban kuma ƙara ba.”

Ya zauna a kan buhu ya dafe kai. Ya ce mun raba shi da mutumin da ya fi kowa fahimtarsa. Ya ce yanzu duk sashen kallon maci amana suke yi masa, ɗalibin da dattijon ya ajiye ma ba ya amsa gaisuwarsa. Ya ce zai ƙare ƙuruciyarsa a kan waƙoƙin wani mutum da ba ya magana sai a kan tumaki da ƙanƙara, a garin da rana ba ta fitowa. Da gaske yake, idonsa ya yi ja. Ina saurare ina ɗora buhu a sikeli, ina jin da za a ba ni wannan baƙin cikin nasa da na karɓa da hannu biyu.

Na ce, “To ƙi za ka yi?”

Ya ce, “Ina fa zan ƙi.”

Wani manomi ya ce malam a duba mu mana, rana na yi. Na koma kan aikina. Bawana bai tashi ba sai da layin ya ƙare. Sannan ya ce an gaya masa sai ya nemi kwat mai kauri da akwati, shi kuma bai san kowa a kasuwar Funtua ba, teloli za su cuce shi. Na ce ya bari sai ran kasuwa.

Na kai shi wurin telan ubana. Ni na zaɓi yadin, na sa aka yi masa shafi biyu. Da aka gama na juya kwat ɗin ciki waje, na bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa, na sami wuri ɗaya a hammata da zare ya yi sako-sako, na sa telan ya warware ya sake.