Faɗin Yatsu Huɗu

Kawuna malamin gona ne a Gaya, kuma a wuyansa na fara ganin laktaye. Da kwat yake zuwa duba gero, ya ɗaura wannan ƙyalle mai faɗi a wuya, manoma suna yi masa dariya yana taya su. Da ya rasu aka raba kayansa, ba wanda ya so laktayen sai ni. Ja ne mai ɗigon ruwan ƙwai, santsi kamar an shafa masa mai.

Daga nan na kamu. Ni tela ne, iyakata firamare, amma duk ranar kasuwa sai na tsuguna gaban masu gwanjo ina tono irin na da, masu faɗi. Ina wanke su sau uku don ban san wuyan da suka fito ba. Ranar Asabar nakan ɗaura ɗaya in zauna kan keken ɗinki, maƙwabta su ce ga Bature ya fito.

Da 'yata ta gama karatun jinya a Kano, ta ce: "Baba, na Kawu za ka sa ranar yaye mu." Shi ne ya kai ta makaranta da hannunsa tana ƙarama. Na ce to.

Ina cikin guga sai wani tunani ya faɗo mini: idan alharini ne fa? Namiji ba ya sa alharini. Na zare zare ɗaya daga ciki na kai wa ashana. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule. Wannan ya zama toka, ya yi ƙaurin gashi. Sauran duk na gwada, roba ne. Na Kawu kaɗai ne alharini.

Abinci ya ƙi shiga. Matata ta ce: "Malam, Kawu da ransa ya sa shekara da shekaru, kai da aka bar wa ne za ka rame?"

Na hau babur sai Toranke, wurin wani malami da muka yi allo tare, ƙato ne mai son wasa. Ya juya laktayen, ya ce an yi wa namiji rangwame idan faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. Ya ɗora nasa yatsun, suka rufe shi ruf.

"Ka gani? Je ka sa abinka."

Na ɗora nawa. Ja ya leƙo ta gefe da gefe.

"Allah gafarta Malam, yatsun wa ake nufi? Naka ko na mai sawa?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Kai har yanzu kana nan yadda na san ka! To ka ci tuwo ka yi ƙiba mana. Ko in ara maka hannuna ka tafi da shi Kano?"

Ya ce shi dai bai ga laifi ba. Na yarda da iliminsa, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Almakashi kuwa ba zan iya sa wa kayan Kawu ba. Sai na naɗe gefunan ciki, na bi da allura a hankali, har ya dawo yatsuna uku, don in bar wa shakka wuri.

'Yata ta gan ni a bakin zauren taro ta riƙe baki. "Baba, ya rame kamar kai!" Sai ta gyara mini ƙullin, idonta ya kawo ruwa.

Mai hoto ya ce mu tsaya cak. A hoton tana murmushi da farar rigarta, ni kuma hannuna na kan ƙirji. Mutane suna cewa godiya nake yi wa Allah. Ina yi ɗin, amma a daidai lokacin sake aunawa nake.